Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Baba Bishop da Majalisar Dayosis, daga ƴaƴanku na Yamai

Ya Baba Bishop, tare da iyayenmu akdikinoni da firistoci, da wakilan jama'a masu zama a taron Sinod,

Muna gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kuna lafiya ku da iyalanku, Allah kuma ya ƙara wa Mama ƙarfin ɗawainiyar da take yi da matan dayosis. Ni tsohon malamin makaranta ne, irin wanda a nan ƙasar ake kira mushe, kuma ni nake jagorar sujadar safe a ƙaramar ikilisiyar Angalika da ke taruwa a wata unguwa ta birnin Yamai. Mahaifina ya tafi cin rani ƙasar Zazzau yana saurayi, can ya karɓi baftisma, can aka haife ni, kuma can hannun bishop ya sauka a kaina kafin mu dawo gida Nijar. Dattawanmu ne suka ɗora mini rubuta wannan wasiƙa, ni kuma na roƙe su su yarda a buɗe ta kowa ya karanta, domin mun aika biyu a rufe kuma har yau amsarsu ba ta iso ba.

Abin da muke tambaya shi ne matsayinmu, mu da ke Nijar, a cikin tsarin dayosis ɗinku da ke Najeriya. Shekara da shekaru ana ce mana ƴaƴanku ne mu, muna ambaton Baba a addu'ar kowace Lahadi, muna aika rabonmu na baikon girbi duk lokacin da muka sami amintaccen matafiyi. Amma da wani ɗan'uwa ya kawo mana littafin rahoton Sinod, inda aka jera kowane yankin akdikin da ikilisiyoyin da ke ƙarƙashinsa, da sunan firist, da yawan waɗanda aka yi wa baftisma da masu cin Jibin Ubangiji, mun duba shi shafi bayan shafi ba mu ga kanmu ba. Ba mu cikin ikilisiyoyi masu cin gashin kansu, ba mu cikin rassan da wata babbar ikilisiya take riƙo, ba mu ma cikin jerin wuraren bishara da ake fatan su girma. Wani dattijo a cikinmu ya ce mun zama jemage, tsuntsaye ba su lissafa mu, dabbobi ba su lissafa mu, kuma duk da dariyar da aka yi a wurin, babu wanda ya musa masa.

Da a wata ɗariƙa muke, da wannan bai zama abin damuwa ba, domin akwai ɗariƙun da kowace ikilisiya take zaɓen fastonta, ta riƙe kuɗinta, ta yanke shawararta ba tare da jiran kowa ba. Ɗariƙarmu ba haka aka gina ta ba, kuma ku ne kuka koya mana hakan. Dayosis ce ginshiƙi, bishop ne uban kowace ikilisiya da ke cikinta, firist kuwa wakilinsa ne wanda yake aiki da izinin da bishop ya ba shi a rubuce. Akdikin yana zagaya yankinsa yana duba gine-gine da littattafan kuɗi da zaman lafiyar ma'aikata, ya kai wa bishop rahoto. A kowace ikilisiya akwai majalisa da masu kula biyu, ɗaya firist ya zaɓa, ɗaya jama'a suka zaɓa. A sama da duka akwai Sinod, inda bishop da firistoci da wakilan jama'a suke haɗuwa su tsara doka da kasafin kuɗi. Tsari ne mai kyau, na kuma kare shi sau da yawa a gaban abokaina na wasu ɗariƙu da suke yi mana ba'a da yawan riguna da muƙamai. Sai dai kyawunsa yana ga wanda yake cikinsa ne, domin kamar sarƙar guga yake, duk zoben da bai haɗu da na samansa ba, ruwa ba ya zuwa ta kansa.

Bari in faɗi yadda wannan yake a zamanmu na yau da kullum. Ni ba firist ba ne, saboda haka iyakata in karanta Addu'ar Safiya, in karanta darasi, in yi wa'azi. Ba ni da ikon keɓe gurasa da ƙoƙo, ba ni da ikon furta gafarar zunubi yadda firist yake furtawa, kuma ban taɓa kusantar waɗannan ba ko da an matsa mini, domin na san iyakar da aka ja mini. Jibin Ubangiji yana zuwa mana ne kawai ranar da wani firist ya biyo ta Yamai don wata hidimarsa, ya ji tausayinmu ya tsaya. Akwai shekarar da muka ci sau uku, akwai wadda muka ci sau ɗaya. Wata tsohuwa a cikinmu, wadda ta fi kowa zuwa sujada da wuri, ta yi jinya ta wata huɗu tana tambayata kowane mako ko firist ya zo, har ta rasu bai zo ba. Ni na binne ta da addu'o'in da aka yarda wa irina ya karanta. Na san ceton ranta bai rataya ga wannan ba, amma abin da ta roƙa haƙƙinta ne a matsayinta na ƴar ikilisiya, kuma ba mu iya ba ta ba.

Maganar tabbatarwa, wato ɗora hannu a kan wanda aka yi wa baftisma bayan ya furta bangaskiyarsa da bakinsa, ta fi wannan nauyi, domin ita ko firist ba ya yin ta, sai bishop da hannunsa. Muna da samari da ƴanmata da na koya wa katikisma tun suna ƙanana, sun haddace Addu'ar Ubangiji da Dokoki Goma da Shaidar Bangaskiya, yanzu wasunsu suna jami'ar Abdou Moumouni, wasu sun yi aure, kuma har yau ba a ɗora musu hannu ba. Masu hali a cikinmu sukan kai ƴaƴansu garuruwan iyayensu a Najeriya lokacin hutu a tabbatar da su can. Ɗan Nijar da ba shi da wani gari a ƙetaren iyaka sai ya yi ta jira, kuma matashi ba ya jira har abada. Da yawa sun koma ikilisiyoyin EERN, wato ɗariƙar Ikilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar, wasu sun shiga Katolika, wasu sun bi sababbin majami'u masu kiɗa. Ba na zargin waɗanda suka karɓe su, hasali ma ina gode musu, tunda sun ba yaranmu abin da muka kasa ba su, wato fasto da yake kwana a gari ɗaya da su.

Abin da ya faru bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 shi ya nuna mana ƙarara yadda igiyar da ta ɗaure mu da ku take da rauni. Ƙungiyar CEDEAO, wadda ku kuke kira ECOWAS, ta sa wa Nijar takunkumi, aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarkin da ke zuwa daga Najeriya, kuma hanya ba ta buɗe a hukumance ba sai a watan Maris na 2024. A waɗannan watanni babu firist da ya iso, babu hanyar aika kuɗi mai kwanciyar hankali, babu kuma wani a dayosis da aka ɗora wa alhakin ya kira mu ya ji ko muna raye. Ba rashin ƙauna ba ne, na tabbata, rashin tsari ne, domin abin da ba a rubuta a wuyan kowa ba, kowa yakan ɗauka wani ya yi. Daga baya Nijar ta fice daga ƙungiyar gaba ɗaya a watan Janairu na 2025, ta haɗa kai da Mali da Burkina Faso. Siyasar wannan ba tamu ba ce a wannan wasiƙa, amma duk mai tsara aikin ikilisiya dole ya lissafa cewa iyakar da ke tsakanin Birnin Ƙonni da Illela, ko tsakanin Gaya da Kamba, tana iya rufuwa cikin dare ɗaya, kuma ikilisiyar da ruwanta duka yake zuwa daga ƙetare za ta kwana da ƙishi a ranar.

Iyayenmu na farko sun hango irin wannan tun da daɗewa. Henry Venn, wanda ya daɗe yana sakataren ƙungiyar mishan ta Angalika mai suna CMS a Landan, ya tsaya a kan cewa ikilisiyar da aka dasa a wata ƙasa ta kai ga riƙe kanta da kuɗinta, ta mulki kanta, ta kuma yaɗa bishara da kanta, mishan ya ja da baya kamar yadda ake cire katakon da aka tokare gini da shi idan gini ya tsaya. Wannan tunani ne ya kai ga keɓe Samuel Ajayi Crowther a matsayin bishop a Kantabari a shekarar 1864, mutumin da aka taɓa kamawa bawa yana yaro. Aikin da ya fara a Onica a 1857 shi ne tushen dayosis ɗin da har yau take ɗauke da sunan kogin nan da mu muke kira Isa, ku kuke kira Kwara, Turawa kuma suke kira Niger kamar sunan ƙasarmu. Wannan suna ma yakan ruɗa baƙi, har wani Bature ya taɓa tambayata ko babbar majami'arta a Yamai take, na ce masa ruwan da ya wuce ƙarƙashin gadar Kennedy sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya isa ƙofarta. Mun kuma san yadda wasu matasan mishan suka ƙasƙantar da Crowther da ma'aikatansa a ƙarshen rayuwarsa, ya rasu a 1891, aka mayar da kujerarsa ga Bature, aka kuma ɗauki shekaru masu yawa kafin baƙar fata ya sake riƙe dayosis a wannan yanki. Dalilin da aka bayar a lokacin shi ne ƴan ƙasa ba su isa ba tukuna, kuma duk lokacin da na ji an faɗi haka a kanmu sai in tuna daga bakin wa aka fara jin sa.

Tarihin ƙasar Hausa ma yana da nasa darasi. Tawagar Bishop Tugwell ta isa Kano a 1900, Sarki Aliyu ya sallame su ba tare da ya ba su wurin zama ba. Likita Walter Miller, wanda yake cikin tawagar, shi ya dage har ya zauna a birnin Zariya daga 1905, aka koma Wusasa wajen 1929, aka gina majami'ar Bartalamawus da ƙasa bisa fasalin ginin Hausa, kuma a 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. Jama'ar Wusasa ba su taɓa yin yawa ba, amma sun kafu, domin da harshensu suka yi sujada kuma daga cikinsu aka sami malamai da katikis da firistoci, har da likitan farko na Arewacin Najeriya, Dokta Barau Dikko. A gefe guda kuwa, majami'un da aka gina a Sabon Gari na manyan birane domin ma'aikatan jirgin ƙasa da ƴan kasuwa daga kudu sun cika maƙil, suna da kuɗi, amma ɗan gari yana wucewa ta ƙofarsu yana kallonsu a matsayin kayan baƙi. Ikilisiyarmu ta Yamai tana tsaye ne a mararrabar waɗannan hanyoyi biyu, kuma idan aka bar ta yadda take, ta biyun za ta bi.

Ba sabon abu muke nema daga gare ku ba. Ikilisiyar Najeriya ta sami cin gashin kanta a 1979, bayan ta fito daga Lardin Afirka ta Yamma da aka kafa a 1951. A watan Satumba na 1990, zamanin Akbishop Joseph Adetiloye, an buɗe dayosis takwas na bishara cikin wata guda, a Minna da Kafanchan da Katsina da Sakkwato da Makurɗi da Yola da Maiduguri da Bauchi, wasu daga cikinsu a wuraren da masu bi ba su fi a ƙirga da yatsu ba idan aka kwatanta da jama'ar gari. Bishop Josiah Idowu-Fearon, wanda aka fara kai wa Sakkwato, daga baya ya riƙe Kaduna, ya kuma zama babban sakataren tarayyar Angalika ta duniya daga 2015 zuwa 2022. A zamanin Akbishop Peter Akinola kuma an kafa tsari na musamman domin masu bi da ke Amurka, har aka keɓe musu bishop a 2006. Ikilisiyar da ta iya tsallake teku ta shirya wa ƴaƴanta wuri, ba za ta rasa dabarar shirya wa waɗanda mota take kai wa gare su cikin yini guda ba.

Kada Baba ya ɗauka muna neman a yanka mana dayosis ne. Ba mu kai ba, kuma in an tambaye ni ra'ayina, zan ce yawan dayosis da aka yi, har suka haura 160 a larduna 14, ya zo da alheri ya kuma zo da nauyi, domin kowace kujera tana bukatar gida da mota da ofis, kuma talakan da ke sa baiko ne yake ɗaukar su. Mu ba mu cika ɗari ba ranar da muka fi yawa. Abin da ya dace da girmanmu shi ne a rubuta mu a matsayin wurin bishara na dayosis, a sa mu ƙarƙashin akdikin guda wanda za a ambata da sunan muƙaminsa a cikin shawarar Sinod, a ɗora masa ya ziyarce mu ko ya aiko firist aƙalla sau ɗaya a kowane wata uku, ya kuma karanta rahotonmu a gaban taro kamar yadda yake karanta na sauran. Idan kuwa majalisa ta duba ta ga cewa bisa dokokin ikilisiya ba dayosis ɗinmu ce ya kamata ta riƙe mu ba, to a faɗa mana a fili, a kuma miƙa mu hannu da hannu ga wanda ya dace. Amsar da ba ta yi mana daɗi ba za mu iya aiki da ita, shiru ne ba mu san yadda za mu yi da shi ba.

Babbar bukatarmu, wadda duk sauran suke bayanta, ita ce firist ɗan ƙasa. An taɓa aiko mana wani bawan Allah ya zauna da mu kusan shekara guda, mutumin kirki mai himma, amma ba ya jin Faransanci, ba ya jin Zabarmanci, Hausarsa kuma ta ciniki ce. Duk takardar da ta zo daga hukuma sai an fassara masa, duk gaisuwar mutuwa a unguwa sai an raka shi, matarsa da ƴaƴansa suna can gida saboda makarantun nan ba da Turancin Ingilishi suke koyarwa ba, albashinsa kuma da naira yake zuwa alhali haya da cefane da sefa ake biya. Da ya nemi a mayar da shi, babu wanda ya ga laifinsa. Da ɗan gari akan ci gari, kuma muna da ƴan garin. Akwai samari biyu a cikinmu da majalisar dattawa ta daɗe tana lura da halinsu, dukansu sun gama karatun sakandare, suna jin Hausa da Zabarmanci da Faransanci, ɗaya kuma yana iya Ingilishi daidai gwargwado. Muna roƙon a kira su a gwada su bisa ƙa'idar da ake gwada kowa, kada a sassauta musu don sun fito daga nesa, kuma wanda ya ci a tura shi kwalejin tauhidi ta Wusasa, inda ba zai zama baƙon harshe ba. Mun yi shawara za mu ɗauki abincinsa da kuɗin motarsa, dayosis ta ɗauki kuɗin makaranta. Horo da zaman dikin, wato matakin farko na naɗi, kafin a kai ga firist suna cin shekaru, shi ya sa muke so a fara yanzu, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.

Maganar harshe tana bukatar a tsaya a kanta kaɗan. Ɗaya daga cikin ƙa'idoji 39 na ɗariƙarmu, ta ashirin da huɗu, ta hana yin addu'ar jama'a ko ba da sakramen da harshen da mutane ba su fahimta. Littattafan addu'a da muke da su na Ingilishi ne, sai ƴan tsofaffin na Hausa da suka yayyage, waɗanda nake liƙawa da gam kowace shekara. Na Faransanci kuwa wasu shafuka ne da wani ɗalibi ya ciro daga intanet, ba mu da tabbacin ko bishop ya amince da su, alhali a tsarinmu ba a yin sujada da kalmomin da bishop bai yarda da su ba. Ga shi akwai ƴan'uwa Angalika masu sujada da Faransanci a Gini Konakiri da Kamaru da Kwango da Burundi, waɗanda wasiƙa ɗaya daga ofishin Baba za ta isa a samo littattafansu. A 2025 kundin da hukumomin Nijar suka fitar ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci a matsayin harshen aiki. Wannan dama ce a hannunku, domin dayosis ɗinmu tana da firistoci da littattafan waƙoƙi da gogewar wa'azi da Hausa fiye da yadda ta san darajarsu.

A nan dole in juya in faɗi laifinmu, don kada a ce mai kuka ya ɓoye nasa. Mafi yawan masu sa baiko mai kauri a cikinmu ƴan kasuwa ne daga kudancin Najeriya, masu shaguna a Babbar Kasuwa da Katako, kuma ba don su ba da ba mu iya biyan hayar ɗakin da muke sujada ba. Allah ya sāka musu. Amma saboda su ne masu biya, sujada ta karkata ga Ingilishi, Hausa ta koma taƙaitawa a ƙarshen wa'azi, Bazabarme kuwa in ya shigo sau ɗaya ba ya dawowa. Mun yi gardama a kan wannan har wasu suka yi wata biyu ba su gaisa ba. Mu kuma ƴan ƙasa mun saba da zama a bencin baya muna gunaguni, ba mu sa hannu a aljihu yadda ya kamata. Irin wannan saɓani ne ake naɗa akdikin domin ya sasanta, kuma da muna da wanda dukanmu muke jin nauyinsa, da an kashe wutar tun tana ƙarama.

Sai batun doka da fili, wanda nake roƙon lauyan dayosis da magatakarda su karanta da kyau. A Nijar ƙungiyar addini sai ta yi rajista da ma'aikatar cikin gida kafin hukuma ta san da ita, kuma dokar 2019 kan sha'anin ibada ta ba gwamnati ikon amincewa da gina wuraren ibada da sa ido kan kuɗin da ake ginawa da su. Dayosis da ke wata ƙasa ba ta da suna a gaban wannan doka. Filin da muka saya a bayan gari da gumin shekaru, takardarsa tana ɗauke da sunan mutum ɗaya daga cikin dattawanmu, amintacce ne ba shakka, amma ya tsufa, kuma ranar da ya kwanta dama magadansa suna da ikon cewa gadonsu ne. Muna bukatar dayosis ta amince da kundin da za mu yi rajista da shi, wanda zai gamsar da hukumar Nijar cewa ƙungiya ce ta ƴan ƙasa mai shugabanni a nan, ya kuma gamsar da ku cewa koyarwa da naɗin ma'aikata suna hannun bishop. Haka ma aure, a wajenku majami'a mai lasisi tana ɗaura auren da doka ta sani, a nan kuwa sai an rubuta shi a ma'aikatar magajin gari, kuma firist da bai san wannan ba yana iya barin mace da ƴaƴanta ba takarda.

Mu da muka ga ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, lokacin da aka ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai bayan zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa, mun koyi wani abu da ba a koyarwa a kwaleji. Ƙidayar 2012 ta nuna Kirista ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na jama'ar ƙasar ba, saboda haka zamanmu ya dogara ne ga Allah da kuma maƙwabci. Ɗakinmu ya tsira a ranar domin mai gidan da muke haya, Musulmi ne mai sallah biyar, ya tsaya a bakin ƙofa shi da ƴaƴansa ya ce gidansa ne. Ya yi haka ne don ya san mu, mun je sunan jikokinsa, ya zo jana'izar mutanenmu. Shugaban ikilisiya a irin wannan ƙasa aikinsa rabi a kan bagade yake, rabi a zauren mai unguwa da ƙofar liman. Sauran ɗariƙu sun riga mu gane haka. Aikin da mishan na SIM suka fara a Damagaram a 1924, suka kuma buɗe asibitin Galmi a 1950, yau yana hannun fastoci ƴan Nijar. Katolika sun buɗe dayosis ta biyu a Maraɗi a 2001, kuma Akbishop Laurent Lompo na Yamai ɗan ƙasar nan ne. Idan hukuma ta kira shugabannin addini, waɗannan suna da wanda zai zauna a kujera da sunansu, mu kuwa sai mu leƙa ta taga.

Game da kuɗi ba za mu ja magana ba. Muna so a yanka mana kason da za mu riƙa biya wa dayosis kowace shekara kamar kowace ikilisiya, a yanka shi da sefa don kada hawa da saukar naira su riƙa rikita lissafi, a kuma ba mu rasit. Wanda ba ya biya ba ya da bakin magana, mu kuwa muna son bakin maganar. Muna roƙon kujera biyu a taron Sinod, namiji da mace, ko da a farko ba za a ba su ikon jefa ƙuri'a ba, domin matanmu ne suka riƙe wannan ikilisiya a shekarun da maza suka yi ta kai da kawo, kuma har yau ba a shigar da ko ɗaya daga cikinsu ƙungiyar iyaye mata ta dayosis ba, tunda babu wanda ya zo ya karɓe su.

Ya Baba, zumunta a ƙafa take, kuma duk abin da na rubuta a nan yini biyu a Yamai za su nuna muku shi fiye da yadda alƙalamina ya iya. Muna gayyatarku ku zo tsakanin Nuwamba da Fabrairu, lokacin da sanyi ya sauka kuma kogi ya cika, kafin zafin Afrilu da ko mu ƴan gari yake kayar da mu. Idan ta Ƙonni za ku shigo, dattawa biyu za su tarye ku a bakin iyaka da takardun gayyata, su rako ku ta Dogondutsi da Doso, tafiyar da ta ɗan haura kilomita 400 a kan kwalta, idan kuma ta Gaya ce, hanyar ta fi gajarta. Za mu sanar da hukuma tun da wuri yadda doka ta tanada, masauki kuma yana gidan ɗaya daga cikinmu. Masu jiran tabbatarwa na ci gaba da zuwa aji kowace Asabar da yamma, kuma na gaya musu cewa na rubuto muku.

Ɗanku cikin Almasihu,
mai jagorar sujada, a madadin dattawa da jama'ar ikilisiya,
Yamai, Jamhuriyar Nijar.